Shekarar da Na Ƙi Sauya wa Akori-kurata Inji

Motar da ta fi daɗewa a hannuna akori-kura ce fara mai bodin katako, wadda muka haɗa hannu muka saya ni da yayata. Ba sabuwa muka same ta ba. Wani ɗan kasuwa a Gusau ya yi shekaru yana jigilar gyaɗa da ita kafin ta zo gare mu. Ni ke tuƙi. Ita kuma Yaya, da yake mijinta ya rasu ya bar ta da gida da sana'a, rabin motar nata ne, kuma tana da ta cewa a kan duk abin da ya shafi motar, daga taya har fenti. Ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni, kuma har na yi furfura Auta take ce mini.

Da aka fara aikin dam na Bakolori, garinmu Mafara ya cika ya batse. Leburori daga ko'ina, magina, masu walda, direbobin tifa da katafila, kowa yana neman abinci da wurin kwana da motar da za ta kai shi wani wuri. Yaya ba ta tsaya kallo ba. Ta tara mata huɗu a cikin gidanta suna dafa shinkafa da wake da tuwon dawa, ni kuma kullum da hantsi in loda manyan tukwane a bayan mota in kai bakin sansanin ma'aikata. In na sauke, sai in shiga nawa aikin: albasa da buhunan hatsi zuwa Bakura, kwanon rufi da siminti zuwa wajen Maradun, fasinja a saman kaya in da wuri. Ranar Talata kuwa, ranar kasuwarmu, sai in yi sawu biyar ban zauna na ci abinci ba.

A cikin wannan hada-hadar injin ya fara gaya mini ya gaji. Da farko baƙin mai ya riƙa ci, in cika da safe, kafin la'asar ya sauka. Sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fara bin bayana. Fulogi ɗaya kullum a jiƙe, sai na kwance shi na ƙona a wuta na goge kafin motar ta daidaita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani hawa da ke kan hanyar Maradun. Ba wani dutse ba ne, tudu ne mai tsawo, amma in na ɗauko kaya sai na koma giya ɗaya, motar tana nishi, ruwan lagireto yana tafasa. Ya kai ga ina roƙon fasinja su sauka su taka. Wata rana wata tsohuwa da ta ɗauko kaji a kwando ta sauka tun ban roƙe ta ba, ta ce, “Ɗana, bari in yi gaba, in kun iso kun tarad da ni.” Muka kuwa tarar da ita a saman tudun zaune a inuwa, har ta ba kajinta ruwa. Fasinja suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma ranar na san lokacin yanke shawara ya yi.

Ina da aboki mutumin Bakura, wanda muka koyi tuƙi a hannun maigida ɗaya. Shi ma akori-kura gare shi, irin tawa sak. A kwanakin nan kamfanin da ke gina dam ya yi gwanjon wasu motocinsa da suka tsufa, abokina ya samo injuna biyu masu silinda shida. Namu na asali silinda huɗu ne. Ya sa aka cire nasa aka ɗora masa ɗaya daga cikin manyan. Ban san an gama aikin ba sai ranar da ya wuce ni a kan kwalta da lodi har sama, yana danna oda, yana ɗago mini hannu. Kafin in sa giya ta gaba ya ɓace.

Washegari ya same ni a tasha. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da Yaya da gajiyar hanya, sannan ya ja ni gefe.

“Injin ga naka ya gama aikinai,” in ji shi. “Ɗan'uwan nawa na nan aje a zauren gidanmu, na lulluɓe shi da buhu. Mutum uku sun taya, na ce na ɗan'uwana ne. Mi kake jira?”

Na ce ya ba ni mako guda.

“Mako guda na mi? Kwana huɗu aka yi aka ɗora mini nawa. Kai kana nan kana ƙona fulogi kamar mai gasa masara.”

Na kai wa Yaya maganar. Ina zaton za ta ja baya, sai na tarar ta riga ni jin labari, kuma ta riga ta yanke nata hukuncin. Tana zaune tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“A sa babban,” ta ce. “Aikin ga na dam ba zai dawwama ba, Auta. Yanzu ne ake neman mota, yanzu ne za ka yi sawu bakwai maimakon biyar. Tsohon inji ko an gyara shi tsoho ne.”

Maganarta ba ta banza ba ce, kuma ni kaina raina yana son babban injin. Duk direban da ya ce ba ya son ya taka totur ya ji mota ta amsa, bai faɗi gaskiya ba. Amma na yi shekara bakwai ina kwana ina tashi da injin nan, ban taɓa buɗe cikinsa ba. Na ga bai kamata in yar da abin da ban san ciwonsa ba.

Akwai wani bakanike da ya buɗe gareji a ƙarƙashin bishiyoyin dogon yaro bayan tasha. Ɗan gidan malamai ne, ya yi karatu mai zurfi kafin ya kama sufana, shi ya sa kowa Malam yake ce masa. Ya yi aiki a garejin kamfanin dam, sannan ya fito ya kama na kansa. Ba shi da yawan magana. Na kai masa motar na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, ya shiga rumfarsa ya fito da wani ɗan agogo mai bututun roba, wanda ya ce wani Bature da suka yi aiki tare ya bar masa. Ya kwance fulogai huɗun duka, ya riƙa cusa bakin bututun a kowane rami yana cewa in murza makulli. Allurar agogon ta tashi sosai a na farko da na biyu. A na uku da ƙyar ta motsa. A na huɗu ta tashi, ko da yake ba ta kai na farko ba.

“Direba,” ya ce, “injinka bai mutu ba. Ɗaki ɗaya ne ke yoyo a cikin huɗu.”

Na ce, “To, Malam, mi kake gani? In gyara ko in sauya?”

“Duka biyun zan iya yi maka. Amma ba ni zan tuƙa ba.”

Na matsa masa, sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi mini bayani dalla-dalla. In babban inji nake so, sai an yanke ƙafafun da injin ke zama a kai an yi waldar wasu. Sai an nemo babban lagireto, an ɗan tura shi gaba. Akwatin giyata zai karɓa in an yi masa dabara, amma ba don wannan ƙarfin aka yi shi ba, haka ma birki. Gaban motar zai yi nauyi. Fetur zai ƙaru. Kayan gyaransa kuwa yanzu akwai su, tunda motocin kamfani suna nan, amma ba ya iya ce mini za a same su a Mafara nan da shekara biyar. In kuma gyara nake so, sai an sauke injin an wargaza shi, a sa sababbin zobba a fistan, a duba bawul, a wanke kabureta, a saita wuta. Zai ɗauki mako biyu, ko fiye in an tarar da abin da ba a zata ba. Kuma ko an gama, ba zai taɓa kamo motar abokina a kan kwalta ba.

“Wanga shi ne gaskiyar abin,” ya ce. “Wanda duk ya ce maka ɗaya ba ya da aibu, sayar maka da wani abu yake son yi.”

Na kwana biyu ina juya maganar, sai na ga tunani kawai ba zai kai ni ko'ina ba. Na je Bakura na ce wa abokina ya ba ni motarsa yini guda, da lodi, a kan hanyoyin da nake bi, shi ya zauna a gefe. Ya yi murna, don ya tabbata in na ɗanɗana ba zan dawo ba.

A kan kwalta kam ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Buhu goma sha biyar a baya, amma kamar ba komai. Na wuce tifa biyu a jere. Abokina yana ta dukan cinyata yana cewa, “Ka ji ko? Ka ji ko?” Na ji. Amma da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar Birnin Tudu, tsakanin sababbin magudanan ruwa da ake haƙawa, sai motar ta zama wata daban. Sitiyari ya yi tauri, sai na sa hannu biyu da kafaɗa a kowace kwana. Duk ramin da muka faɗa, gaban motar sai ya dunguri ƙasa. A wata gangara da ke sauka zuwa rafi na taka birki a inda na saba takawa, motar ta ƙara tafiya kamar taku goma kafin ta tsaya. Akwatin giya kuma yana wani kuka siriri wanda abokina ya ce ya daina ji. Na lura yinin nan duka, in ban da sa'a guda da muka yi a kan kwalta, ban taɓa buƙatar rabin ƙarfin injin ba. Aikina ba na kwalta ba ne. Hanyoyina na rami ne da yashi da kwana, da tsayawa a kowane ƙauye.

Da muka koma Bakura na miƙa masa makulli na yi godiya, na ce ya sayar wa ɗaya daga cikin mutum ukun nan. Ya dube ni kamar na ce zan koma hawan jaki.

“Za ka yi nadama,” ya ce.

Na ce, “In na yi, kai zan fara gaya wa.”

Wurin Yaya ne aikin yake. Na je da safe na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata abin da na gani da abin da na yanke. Ta ajiye muciyar da ke hannunta.

“Mako biyu? A tsakiyar aikin ga? Tukwanen nawa a kai za ka ɗauka?”

Na ce na riga na yi magana da wani mai amalanken shanu, zai riƙa kai abincin, sai dai a riƙa gama girki da wuri.

“Wato ka gama shirinka sannan ka zo gaya mini.”

Na ce, “Yaya, a kan shinkafa da wake ban taɓa sa miki baki ba. Wannan kuwa ni ke zaune a bayan sitiyari. Na tuƙa waccan, na san abin da na ji.”

Ta ɗauki muciyarta ta ce, “Allah ya sa ka san abin da kake yi.” Kwana uku in na gaishe ta “lahiya” kawai take cewa, ba ta tambayar iyali.

Malam ya sauke injin da sarƙa daga reshen bishiya, ya shimfiɗa buhuna, ya jera kowane ƙarfe a inda ya ga dama ya zauna, ya hana kowa taɓawa. Ni ban bar garejin ba, don ina son in ga cikin abin da ya ciyar da ni shekara bakwai. Da aka zaro fistan na uku sai ga zobensa a karye gida biyu. Bawul biyu sun ƙone, bakinsu ya yi kamar ɓera ya gaigaya. Sai kuma abin da ba mu zata ba: Malam ya ɗora ƙarfen awo a kan murfin injin, wanda suke kira kai, ya ɗaga shi saitin rana, haske ya ratsa ta tsakiya. Yawan tafasar da ya sha a hawan Maradun ya sa ya ɗan lanƙwashe. A Mafara babu injin da ke goge irin wannan. Sai Gusau.

Na naɗe kan injin a buhu na shiga bas, na rungume shi a cinya har Gusau, don ban yarda a jefa shi a saman mota ba. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaye ni ko maras lafiya ne. Na ce ƙwarai, asibiti za mu. Kwana biyu na yi a can kafin layi ya zo kaina. Na dawo da shi yana ƙyalli, tare da sababbin zobba da bawul da gaskit ɗin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa, duk a shago ɗaya na same su ba tare da na sha yawo ba.

Sai gugar bawul. Malam ya nuna mini yadda ake yi: a shafa wani baƙin maiko mai yashi-yashi a bakin bawul, a zaunar da shi a gurbinsa, a manna masa ɗan sanda mai roba, a riƙa murza sandan tsakanin tafin hannu biyu har bakin ya zauna daram, iska ba ta wucewa. Guda takwas ne, kowane yana cin kusan rabin yini in ana son aiki mai kyau. Na ce ni zan yi. Da yake garejin ba ya rabuwa da ƙura, sai na kwashi kayan na kai zauren Yaya. Matan da ke mata girki suka leƙo suka gan ni zaune ina murza sanda, suka fashe da dariya, suka ce Auta ya koyi burga miyar kuka. Ɗaya har ta kawo mini maburgi ta ce ko wannan zai fi sauri. A rana ta biyu tafin hannuna ya yi bororo. Yaya ta fito ta tsaya a kaina, ta ga hannun, ta koma ciki ta aiko mini da man shanu da tsumma.

Kwana goma sha bakwai aka yi kafin a mayar da injin mazauninsa. Ranar da za a tayar, direbobin tasha suka taru, har da abokina da ya zo takanas daga Bakura. Na murza makulli. Injin ya yi tari, ya yi wata ƙara kamar an harba bindiga, harshen wuta ya fito ta kabureta. Mutane suka watse. Abokina ya riƙe ciki yana dariya. Malam kuwa ko gezau. Ya leƙa, ya bi wayoyin fulogi da yatsa, ya ce, “Laifina ne, na juya biyu.” Ya musanya su ya ce in sake. Injin ya tashi.

Abin da ya biyo baya shi ne aikin da na fi tunawa da shi a hannun mutumin nan. Ya sa aka kawo masa shayi a kofin gilashi, bai sha ba, ya ɗora a kan injin. Shayin yana rawa. Ya kama sukudireba yana juya wani ɗan ƙusa a jikin kabureta kaɗan-kaɗan, ya koma ya ɗan murɗa abin raba wuta, ya kara kunne, ya sake komawa. Ya fi sa'a guda yana haka. A hankali rawar shayin ta ragu har ta koma ɗan motsi a samansa kawai. Sannan ya ɗauki kofin ya shanye, ya ce, “Wata guda ba gudu, ba lodi mai nauyi. Zobban sababbi ne, sai sun saba da gidansu. In ka matsa masu yanzu, ka ɓata aikina da naka.”

Wannan watan ya fi kwana goma sha bakwai ɗin wuya. Mota lafiya lau, babu hayaƙi, amma ina tafe kamar mai rakiyar amarya, masu keke suna wuce ni. Lodin da ya fi buhu shida sai in ce a nemi wani. Yaya ta ce, “Da tana tafiya tana tari, yanzu ta daina tari ta daina tafiya.” Na ce ta ƙara haƙuri. Na riƙe umarnin Malam har ranar ƙarshe, ya juye baƙin man ya zuba sabo, ya sake ɗaure kan injin, ya ce in je in yi aiki.

Aikin farko mai nauyi da ya zo mini ba na kasuwa ba ne. A lokacin ana ta tashin garuruwan da ke bayan dam, waɗanda ruwa zai rufe, mutane suna komawa sababbin matsugunai a kan tudu. Zukata ba su da daɗi a ƙasar Maradun a shekarun nan, duk wanda ya yi jigila a wurin ya gani da idonsa. Wani malami mai makaranta a ɗaya daga cikin ƙauyukan ya aiko a nemo masa mota biyu, aka kira ni da abokina. Damina ta riga ta fara, an yi ruwa kwana biyu kafin ranar.

Abokina ya ɗauki hatsi da gadaje. Ni malamin ya ce in ɗauki littattafai, don an gaya masa ba na gudu. Ban taɓa sanin takarda tana da nauyi haka ba sai ranar. Akwatuna na ƙarfe da gafakai na fata, wasu tun na kakansa, da alluna ɗauri-ɗauri. A kansu aka ɗora azarar da aka cire daga rufin zaure da ƙyauren ƙofa da dutsen niƙa. Mahaifiyar malamin, tsohuwa tukuf, aka zaunar da ita a gaba kusa da ni, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa. Tun da muka tashi ba ta waiwaya ba, carbi kawai take ja.

Hanyar ta bi da mu ta wannan hawan da ya sha kunyata ni. Na sa giya biyu tun daga ƙasa, na riƙe totur a tsaka-tsaki, ina kallon allurar zafi. Ba ta motsa ba. Injin ya ja da murya ɗaya tun daga gindin tudun har samansa, ba wanda ya sauka. Ban ce wa kowa komai ba, don ba ranar murna ba ce ga mutanen da na ɗauko, amma ni na san abin da ya faru.

Gaba kaɗan kuma sai ga wata fadama da ruwa ya kwanta. Na duba sawun abokina na bi, ashe shi da ƙarfi ya tsallake. Tayoyin baya suka nutse har gindi. Na yi gaba na yi baya, muka sa reshe da duwatsu, a banza. Muna nan sai ga abokina ya dawo daga sauke sawunsa na farko. Ya tsaya ya fito yana murmushi har kunne.

“A kawo babban inji ko a bari ƙaramin ya huta tukuna?”

Na ce, “Kawo igiya, surutun ka yi shi daga baya.”

Ya ɗaura, ya ja sau ɗaya, muka fito kamar an zare ƙaya. Tsohuwar, wadda ba ta yi magana ba tun safe, ta ce wa ɗanta, “Wancan ya fi ƙarfi, wannan ya fi hankali. Ka sa masu albarka su duka.” Malamin ya yi mana addu'a a nan bakin fadamar, muna tsaye cikin laka har ƙwauri. Ranar abokina ya yi sawu uku, ni biyu. Amma da aka buɗe akwatunan ba littafin da ya jiƙe ko ya yage, kuma malamin ya kira ni har sau huɗu bayan nan, na kwashe kayan 'yan'uwansa.

Ban taɓa zuwa na gaya wa abokina na yi nadama ba, don ban yi ba. Shi ma bai yi ba. Da ya ga inda motarsa ta fi jin daɗi, sai ya bar hanyoyin ƙauye ya koma dogon zango tsakanin Gusau da Sakkwato, ya yi arziki a can, har ya sayi babbar mota. Sau ɗaya famfon ruwan injinsa ya lalace bayan motocin kamfani sun yi ƙaranci, ya yi kusan wata biyu yana jiran a kawo masa daga kudu. A lokacin ni na riƙa ɗaukar masa kayan abokan cinikinsa na kusa. Akwatin giyarsa ma sai da ya sauya. Ya ce duk da haka da za a sake, babban zai sa. Na yarda da shi, don aikinsa ke nan.

Ni kuwa injin nan ya ƙara yi mini shekara tara. Duk bayan sallar layya nakan kai wa Malam ya saurare shi, ya wanke kabureta, ya saita wuta. Na koyi yin rabin aikin da kaina. Yaya ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ba halinta ba ne. Amma da ɗanta na fari ya tashi sayen mota, sai ta ce kada ya biya sai kawunsa ya tuƙa ta yini guda da lodi.

A ƙarshe bodin ne ya gaza. Katakon ya ruɓe, ƙarfen ƙasa ya tsage a wuri biyu, walda ta daina kamawa. Wani manomi daga Birnin Tudu ya saye ta, ba don ya hau ba. Ya cire injin ya ɗora shi a kan dakalin siminti, ya haɗa masa bel, ya mai da shi injin casar shinkafa. Na taɓa kai masa buhu biyu na gonata. Ya ƙi karɓar ladan casa, ya ce sai dai in duba masa kabureta, don tun da safe take ɗan shaƙewa. Na naɗe hannun riga na duba masa.